Giyar otomatik a tsohuwar mota mai injin V: abin dubawa kafin a saya

Ƴan'uwanmu da ke zaune a waje, idan Allah ya hore, sukan aiko gida da mota, galibi tsohuwar kat-kat mai injin V6 ko V8. To, tambayar da ake yawan yi ita ce: a ɗauki mai giyar otomatik ko mai ta hannu? Amsar tana ga hanyar da motar za ta bi da makaniken da zai gyara ta.

Mene ne injin V?

Inji ne da silindojinsa ke jere biyu, sun buɗe kamar harafin V. V6 shida gare shi, V8 takwas. A 1932 kamfanin Ford na Amurka ya fitar da V8 mai araha, samarin ƙasar suka riƙa sa shi cikin tsofaffin motoci marasa nauyi don tsere. Giyar otomatik kuwa, General Motors ne ya bazu da ita a kasuwa da motocin Oldsmobile na 1940. Har gobe masu gyaran irin waɗancan motoci na zaɓe tsakanin TH350 da TH400 masu giya uku, da 700R4 ta 1982 mai giya huɗu da ke rage shan mai a doguwar tafiya. Ƙa'idarsu ta shafe mu: akwatin giya, wanda ake ce wa bwat, sai ya dace da injin, kuma ya iya ɗaukar ƙarfinsa.

A nan wajenmu an fi ganin Toyota Land Cruiser 100 mai V8 na lita 4.7, da Prado da 4Runner masu V6 na lita 3.4, da Mitsubishi Pajero mai V6.

Yadda take aiki

Otomatik ba ta da kulocin takawa. Tsakanin inji da giya akwai wani tulun ƙarfe cike da mai, da fanka biyu a ciki suna fuskantar juna. Inji ya juya ta farko, ita ta watsa mai, man ya juya ta biyu. Wannan man ne ke kai ƙarfi, shi ke canza giya, shi ke sanyaya akwatin. Kun ga ke nan idan man ya ƙone, giya ta tafi.

Amfani da illa

Cikin rairayi otomatik na da daɗi, don ƙarfi ba ya yankewa lokacin canjin giya, kuma babu kulocin da direba zai ƙona. Amma tafiya a hankali cikin yashi, da lodi, a zafin watan Afrilu, ita ce ke dafa man giya.

Illa ta biyu ta fi tsanani ga mutanen karkara: otomatik ba ta tashi da turi. Batir ya mutu a daji, ko gari guda ya taru ya tura, a banza. Ka tuna motar da aka aiko ƙauye ita ce ke kwasar mara lafiya da mai naƙuda cikin dare.

Ta uku: ba a jan ta da igiya tafiya mai nisa, domin famfon mai na aiki ne kawai idan inji na kunne. Sai a kwance furofela, ko a ɗora ta kan babbar mota.

Abin dubawa wajen saye

1. Man giya. Mai lafiya ja ne garau. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, a bar motar.
2. A taka birki a sa D, sannan R. Jinkiri mai yawa ko duka mai ƙarfi alamar lalacewa ce.
3. A tuƙa har inji ya yi zafi. Wata giyar sai ta ɗau zafi take zamewa: inji na kuka, mota ba ta ci gaba.
4. A gwada ƙaramar giyar kat-kat, wato L4. Ita ce ke rage wa akwatin wahala a yashi.
5. A san irin man da aka rubuta mata. Wasu Dexron, wasu Toyota T-IV ko WS. Man giyar hannu ko baƙin mai kashe ta suke yi.
6. A ƙara ƙaramin lagireto na man giya a gaba. Kuɗinsa bai kai na sabon akwati ba ko kusa.

Idan akwatin ne kaɗai za a sauya, a nemo na irin motar daidai, tare da kwamfutarsa da wayoyinsa. Na mota mai jan ƙafa biyu ba ya shiga kat-kat kai tsaye. A guji samfurin CVT mai aiki da bel, ba na lodi ba ne.

Wa ya dace da wace?

Mai zirga-zirga kan kwalta tsakanin Dakoro da Maraɗi, inda makanikai da kayan gyara ke kusa, otomatik za ta yi masa. Wanda motarsa za ta riƙa ƙetare kwarin Tarka zuwa Bermo ko Gadabeji, giyar hannu ta fi masa kwanciyar hankali. In kuwa otomatik ɗin ce ta samu, kada ya bar gari sai da batir mai kyau, wayoyin jona batir, da galan na man giyarta.

Ku kuma na waje, kafin ku biya kuɗi ku kira gida, ku tambayi makaniken da zai riƙe motar ko ya taɓa buɗe irin wannan akwatin. Allah ya kiyaye hanya.