Iyo da Bututun Numfashi a Teku: Abin da Mai Ciwo Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Shiga Ruwa

Daga Gidan Igwai zuwa bakin teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota, amma duk da haka Sakkwatawa ba su rasa haɗuwa da teku. Wani aiki ya kai shi Jidda ko Yanbu, wani karatu ya kai shi Masar, wani kuma jinya ce ta kai shi Alƙahira aka sallame shi da sauran kwanaki a hannu. A irin waɗannan wurare ba wuya a tallata maka yawon kallon murjani a Bahar Maliya. Ana ɗibar mutane ƙalilan a ƙaramin jirgin ruwa tare da jagora, a kai su inda ruwa yake garau, a ba kowa tabaran ruwa da bututun da zai sa a baki, ya kwanta rub da ciki a saman ruwa yana kallon kifaye. Ana yin haka a Hurgada da Sharm el-Sheikh a Masar, da Zanzibar a Tanzaniya, da tsibiran Maldibs.

Masu tallar za su ce maka ko yaro zai iya, kuma ga mai ƙoshin lafiya da ya iya iyo maganarsu tana kusa da gaskiya. Ga mai hawan jini, ciwon zuciya, asma, farfaɗiya, ciwon suga ko sikila, lamarin daban ne.

Mene ne murjanin teku?

Sunan ba baƙo ba ne gare mu, domin iyayenmu mata sun daɗe suna ado da jan murjani. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne murjani ƙananan halittu ne masu rai da ke gina wa kansu gida mai tauri kamar dutse. Irin da ake zuwa kallo yana girma a ruwa mai ɗumi marar zurfi, ya taru shekara da shekaru har ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa. Yana da kaifi, kuma a cikin ramukansa akwai halittu masu dafi.

Abin da ke faruwa da jikinka a cikin ruwa

Da zarar ka shiga ruwa har wuya, ruwan yana matse ƙafafu da ciki, ya tura jini kimanin rabin lita zuwa ƙirji. Zuciya mai lafiya tana karɓar wannan ƙari ba tare da ka ji komai ba. Zuciyar da hawan jini ya gajiyar shekaru goma, ko wadda jijiyoyinta suka fara toshewa, tana iya kasawa.

Sai bututun. Tsawonsa bai wuce santimita 40 ba, amma duk numfashin da ka fitar, wani ɓangare yana maƙalewa a ciki ka sake shaƙarsa. Idan kana yin gajeren numfashi da sauri, kamar yadda mai tsoro yake yi, gurɓatacciyar iskar da kake maimaitawa tana ƙaruwa. Idan bututun siriri ne ko an cika masa murafe, sai ka ja iska da ƙarfi kamar mai shan kunu mai kauri da tsinken lemo. Wannan jan, haɗe da jinin da ya taru a ƙirji, yana iya sa ruwan jiki ya tsattsafo cikin huhu, ko da mutum bai shaƙi ɗigon ruwan teku ba. Binciken da aka yi a Hawayi ta ƙasar Amurka, inda wannan wasa yake kan gaba wajen nutsewar baƙi masu yawon buɗe ido, ya ja hankali kan wannan matsala.

Alamominta su ne ƙarancin numfashi farat ɗaya, gajiya, mutuwar jiki, wani lokaci tari da kumfa. Abin tsoron shi ne shiru ake yi. Mutum ba ya ihu, ba ya fantsala ruwa. Yana kwance fuska a ƙasa kamar sauran, sai an juya shi a gane ya suma. Idan ka ji numfashinka ya canza, cire bututun daga baki, ka juya rigingine, ka ɗaga hannu, ka fita daga ruwan. Kada ka ce bari ka ƙarasa kallo tunda ka biya kuɗi.

Mutane sukan tambaya game da kifin shak. Alƙaluman da muke da su wani abu suke nunawa. A Ostireliya an bi diddigin mutum 140 da suka mutu a wannan wasa tsakanin 1994 da 2006, aka samu 60 daga cikinsu zuciya ce sanadi ko ita ake zargi. Barazanar da ta fi girma a ƙirjinka ka zo da ita daga gida.

Wa ya kamata ya ga likita kafin tafiya?

Mai hawan jini ko ciwon zuciya. Idan awonka yana kai 160/100 ko fiye, bari sai ya sauka ya daidaita. Idan hawa bene biyu yana sa ka tsaya hutawa, ko kana jin nauyi a ƙirji lokacin tafiya, ko ƙafafunka na kumbura, ko sai ka ɗora matashi biyu zuwa uku kafin ka iya barci, zauna a jirgi ka yi kallo daga sama. A wurare da yawa akwai jiragen da ke da gilashi a ƙasansu domin irin wannan. Wanda ya haura shekara 50, musamman mai suga, mai ƙiba ko mai shan taba, ya kyautu a yi masa awon bugun zuciya kafin ya tashi. Ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma minti kaɗan yake ɗauka.

Mai farfaɗiya. A nan ba mu da sassauci sosai. Faɗuwar da a tsakar gida za ta wuce cikin minti biyu, a cikin ruwa ajali ce. Idan ciwon ya tashi maka a 'yan watannin nan, ko an canza maka magani, ko kana tsallake sha, kada ka shiga. Wanda ya daɗe bai faɗi ba ma sai da yardar likitansa, da rigar hana nutsewa, da mutum guda da ya san ciwon yana kusa da shi iya miƙa hannu.

Mai asma. Feshin ruwan gishiri da motsa jiki suna iya tayar da ita. Maganin shaƙarka ya kasance a cikin jirgi, ba a ɗakin otal ba. Idan ka buƙace shi cikin kwana biyun da suka wuce, ko kana mura, ɗage.

Mai ciwon suga. Iyo yana cin suga, kuma alamomin faɗuwarsa, irin su zufa da rawar jiki, suna ɓacewa a ruwa. Haɗarin ya fi yawa ga mai allurar insulin da mai shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid. Ci abinci, auna suga kafin shiga, riƙe dabino ko lemon kwalba a jirgi. Ka kuma sa takalmin ruwa, domin ƙafar da ba ta ji sosai tana yankewa mai ita bai sani ba.

Mai sikila. Ƙishirwa, sanyi da wahala su ne masu tayar da ciwon ƙashi, kuma duka ukun suna jira a wannan tafiya. Ko ruwa mai ɗumi yana zuƙe zafin jiki idan an daɗe a ciki, iskar jirgi kuma tana ƙarasa sauran a kan jiƙaƙƙun kaya. Taƙaita zaman ruwa, sha ruwa da yawa, goge jiki ka canza kaya nan take, kuma kada ka riƙe numfashi ka nutsa ƙasa.

Wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, har da aikin ido, sai likitan da ya yi aikin ya ba da izini. Haka mai kunne da ke zubar da ruwa ko mugunya, da mai bututun wankin ƙoda a wuya ko ƙirji. Mai juna biyu da ba ta da matsala tana iya shawagi a saman ruwa idan likitarta ta yarda, amma nutso da tukunyar iska a baya ba nata ba ne.

Magungunan amai na tafiyar ruwa da yawansu suna sa barci, don haka kada ranar tafiya ta zama ranar farko da ka gwada su. Idan kana azumi, bari sai bayan salla.

Idan ba ka iya iyo ba

Ba abin kunya ba ne. Ba kowa ne ya tashi a bakin gulbin Rima ba, ba kowa ne Basarke ba. Kuma ko gwanin da ke nutso a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu zai tarar teku wata aba ce daban, ga igiyar ruwa, ga ja mai kai mutum nesa da jirgi bai ankara ba. Gishirin Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna, kimanin giram 40 a kowace lita, shi ya sa jiki yake tasowa sama da sauƙi. Wannan sauƙin yana yaudarar baƙo ya yi nisa.

Faɗa wa jagora gaskiya, ka nemi rigar hana nutsewa daidai jikinka, ka ɗaure ta sosai. Idan kana son koyo kafin tafiya, nemi wurin ninkaya na otal da ake sa wa magani. Kada ka je tafki, fadama ko gefen madatsar ruwa irin ta Goronyo da sunan atisaye, domin ruwan da ke kwance a yankinmu shi ne gidan tsargiya, mai sa fitsarin jini. A ruwan teku ba a kamuwa da ita.

Jagora da kayan aiki

Amfanin ƙaramin rukuni shi ne ido ya kai kan kowa. Amma jagora guda da mutum takwas, fuskarsa a ruwa yana nuna kifi, ba zai lura da kai kowane minti ba. Tambayi kamfanin tun kafin ka biya: akwai mai tsaro da ke zama a jirgi yana kallon mutane? Akwai iskar oksijin da akwatin taimakon gaggawa? Ana ƙirga mutane kafin shiga da bayan fita? Idan ba su tambaye ka lafiyarka ba kwata-kwata, wannan ma amsa ce. Idan sun ba ka takardar cikewa, kada ka ɓoye ciwo don gudun a hana ka. Ka kuma ɗauki abokin iyo guda, kuna duban juna.

Zaɓi bututu mai faɗi marar tarkace, ka gwada numfashi da shi a tudu, sannan a ruwan da za ka iya tsayawa. Tabaran da ke rufe fuska baki ɗaya yana da wuyar cirewa cikin gaggawa, mun fi son na gargajiya ga mai koyo. Gashin baki yana sa ruwa ya ɗiga cikin tabarau, sai a rage shi ko a shafa ɗan man baselin. Ke kuma 'yar'uwa, dogon hijabi ko abaya idan sun jiƙe suna nauyi, suna naɗe ƙafa. Akwai kayan iyo masu rufe jiki duka har kai, su za ki nema.

Baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman ƙeya da bayan ƙafa. Riga mai dogon hannu ta fi kowane mai. Ga zabiya wannan wajibi ne.

Kada ka yi ta jan numfashi da sauri kafin ka nutsa don ka daɗe a ƙasa. Yin haka yana kashe ƙararrawar da ke gaya wa jiki ya nemi iska, sai mutum ya suma ba gargaɗi. Matasa masu ƙarfi ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Idan kunne ya fara ciwo yayin nutsawa, koma sama.

Yanka da harbi

Kada ka taɓa komai, kada ka tsaya a kan murjani. Kana kare shi, kana kare kanka. Yankan murjani ƙarami ne a ido amma yana barin ɓurɓushi a nama, ya yi ta ruruwa. Wanke da sabulu da ruwa mai tsabta sosai, ka goge har dattin ya fita, ka tabbata allurar tetanus ɗinka ba ta wuce lokaci ba. Idan wurin ya yi ja yana bazuwa, ko ya kumbura, ko zazzaɓi ya zo, je asibiti ranar, ka faɗa musu a teku ka ji ciwon. Mai suga da mai ciwon hanta kada su jira ko kwana ɗaya, domin wasu ƙwayoyin cutar ruwan gishiri suna cin nama cikin sa'o'i.

Idan ƙayar bushiyar teku ko kifi mai dafi, irin wanda ke kwanciya kamar dutse, ta soke ka, tsoma wurin a ruwan zafi da fata za ta iya jurewa, kimanin digiri 45, na minti 30 zuwa 90, sannan a kai ka asibiti. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. Harbin jelifish, wata halitta mai yauƙi kamar farar leda, ana wanke shi da ruwan teku, ba a murzawa. Ga wasu nau'o'in ana zuba khal, kuma jagoran wurin ya san irin nasu. Fitsari ba magani ba ne. Dogon katantanwa mai kyawun zane kuwa, kada ka ɗauka, yana harbi.

Idan an tsamo mutum

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, don haka wannan ilimi zai yi maka amfani a Kwalkwalawa kamar yadda zai yi a Jidda. Kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ka ɗaga haɓarsa, ka duba numfashi. Idan ba ya yi, hura masa iska baki da baki sau 5, sannan ka danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, ka hura sau 2, ka ci gaba a haka har taimako ya zo. Kada a ɓata lokaci wajen danna ciki ko juya shi kai ƙasa don ruwa ya fita, kamar yadda aka saba yi. Wannan amai yake jawowa ya shiga huhu. Idan yana numfashi, juya shi gefe ka lulluɓe shi.

Lambar motar asibiti a Saudiyya 997 ce, a Masar 123. Duk wanda ya suma a ruwa, ko ya fito yana tari da haki, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin huhu yana iya cika da ruwa bayan wasu sa'o'i, kuma likitoci sukan riƙe shi su sa ido kafin su sallame shi.