Hanyar Gabas: Ayarin Alhazai, Biranen Zango da Asalin Ƙauyukan Hausawa a Jazira

Hanyar Gabas ita ce hanyar ƙasa da alhazan ƙasar Hausa da Barno suka riƙa bi zuwa Makka. Takan tashi daga Kano ko Kukawa, ta ratsa Bagarmi da Wadai da Darfur da Kurdufan, ta haye kogin Nilu, ta ƙare a Sawakin da ke bakin Bahar Maliya. Tsawonta ya haura kilomita 3,000. Mutane iri biyu suka bi ta. Akwai sarakai da attajirai da manyan malamai, masu tafiya da raƙuma da barori da wasiƙun sarakuna, waɗanda kan je su dawo cikin shekara biyu ko uku. Akwai kuma talakawa masu tafiya a ƙasa, suna yada zango suna ƙwadago, wasu su shekara goma ba su ga teku ba. Daga waɗannan na biyun, da kuma masu hijirar 1903, aka sami mafi yawan ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan.

Buɗewar hanyar

Alhazan farko na ƙasashen baƙar fata ta Sahara suka bi. Mansa Musa na Mali ya sauka Alƙahira a 1324, sarakunan Kanem kuwa tun ƙarni na 13 suka tanadi makaranta da masauki a wannan birni domin mutanensu. Daga Kano ana bi ta Agadas da Gat da Murzuk har Masar, sannan a shiga ayarin Misirawa zuwa Hijaz. Hanya ce mai tsada, domin Sahara ba ta ratsuwa sai da raƙumi da ɗan jagora, kuma babu inda mutum zai tsaya ya yi noma ya ƙara guzuri.

Hanyar Gabas ta samu ne bayan da daulolin Musulunci suka jeru daga Tafkin Chadi zuwa Nilu. Amara Dunkas ya kafa daular Funj a Sinnar a 1504, Wadai da Darfur kuma suka tsaya da ƙafafunsu a ƙarni na 17. Ƙasar da hanyar ta ratsa irin ta gida ce: ana noman gero da dawa, akwai rijiyoyi da kasuwanni da makarantun allo. Saboda haka wanda ba shi da ko jaki yana iya ɗaura niyya. A 1814 wani matafiyi mai suna Burckhardt ya haɗu da irin waɗannan alhazai tsakanin Shandi da Sawakin. Mutanen Sudan suna kiran su Takari ko Fallata.

Tafiyar masu hali

Ayarin alhazai tsarin fatauci ya gada. Madugu ne shugaba, shi ke sa ranar tashi da wurin zango, shi ke shirya da sarakunan hanya kan kuɗin fito da gaisuwa. Jagaba yana gaba, malamin ayari yana limanci da rubuta wasiƙu. Ana tashi bayan kaka, lokacin da ƙoramu suka janye, hatsi kuma ya yi araha.

Mai hali yakan hau doki, raƙuma da takarkarai suna ɗauke da kaya, matan gidansa suna bisa raƙumi cikin rumfar da aka lulluɓe da zane. Barori kan riga shi isa zango, su kafa laima, su shimfiɗa darduma da buzu, su ɗebo ruwa a salka, su hura wuta. Guzurinsa kilishi ne da dakuwa da garin gero da zuma da man shanu da dabino. Da yake kuɗin wuri ba ya ciniki a ƙasashen gabas, dukiyarsa takan tafi a matsayin haja: turkuɗin Kura, rigunan saƙi masu aiki, jemammun fatun Kano, goro, da riyalin azurfa mai hoton Mariya Tereza. Wasu sukan tafi da bayi su riƙa sayar da su a hanya ko a Hijaz don biyan bukata, kuma wannan yana cikin munanan abubuwan da tarihin hanyar ya ƙunsa.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani shi ne wasiƙa mai hatimi daga Sarkin Musulmi ko Shehun Barno. Mai riƙe da ita baƙon sarki ne a kowane birni: a sauke shi, a aiko masa da rago da hatsi, a haɗa shi da 'yan rakiya zuwa iyakar ƙasa. Talaka kuwa yakan raɓu da ayarin don tsaro, ya biya da ƙarfinsa, ko ya tsaya a wani gari ya yi damina, ya yi saƙa ko wanzanci ko koyar da yara, ya jira ayari na gaba. Irin tafiyarsa ce ake cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Biranen zango da gine-ginensu

Matafiyi yakan baro ginin ƙasa irin na Hausa: ganuwar Kano da ƙofofinta, Gidan Rumfa na ƙarni na 15, hasumiyar Gobarau ta Katsina, da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga rufinsa a kan bakan gizo na tubali da azara. Babban zangon farko shi ne Kukawa, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814, mai faffaɗan dandali da ya miƙe har ƙofar fada.

A Wadai ana tarar da ginin jan bulo. Tsohuwar hedikwatar daular, Wara, tana da fada da masallaci na gasasshen tubali a tsakanin duwatsu. Da rijiyoyinta suka ƙafe a ƙarni na 19 aka koma Abeche. A Darfur, Fashir ta zama mazaunin sarki a ƙarshen ƙarni na 18, kusa da Kobe, inda ayarin Darbul Arba'in ke tashi zuwa Asyut ta Masar. Sarki Ali Dinar, wanda ya yi mulki daga 1898 zuwa 1916, ya gina fadarsa a Fashir, kuma ya shahara da aika ayari da kyaututtuka zuwa Makka da Madina.

Tsakanin Darfur da Ubayyid ruwa ne matsala. Mutanen yammacin Kurdufan sukan rarake cikin itacen kuka, su haƙa kwari a gindinta don tara ruwan sama, su riƙa ɗiba da guga suna zubawa ta wata kafa a sama har ta cika. Kowace kuka da masu ita, ana gadonta kamar gona, kuma da rani daga gare ta ake sayar wa ayari ruwa. Inda babu kuka, kankana ce ruwan mutum da na dabba. Ubayyid kanta babbar kasuwar ƙaro ce.

Sinnar, a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, tana da babban masallaci da fadar bulo mai benaye, amma ta lalace bayan da sojojin Muhammadu Ali na Masar suka ci daular Funj a 1821. Ginin da ya wanzu a Jazira shi ne ƙubba, wato hubbaren shehi mai tsinin kai, wanda ake hangowa daga nesa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar. Akwai jerinsu a Abu Haraz kusa da Wad Madani. Kusa da ƙubba akan sami masallaci da makarantar allo da ɗakin baƙi, inda ake ciyar da matafiyi kyauta. Waɗannan wurare su ne masaukin alhaji talaka.

Sawakin ita ce ƙarshen tafiyar ƙasa. Tsibiri ne ƙarami a cikin lungun teku, wanda ya shiga hannun Turkawan Usmaniyya a ƙarni na 16. An gina gidajensa da dutsen murjani da ake haƙowa daga teku, bene biyu ko uku, an shafe su da farar ƙasa, ga tagogin katako masu sassaƙa da suka turo waje, waɗanda ake kira roshan, iska na shiga ba a ganin na ciki. Akwai masallacin Hanafi da na Shafi'i, da katafaren masaukin fatake na Shinnawi. Attajiri yakan kama bene a tsibirin, talaka ya yi bukka a gaɓa, dukansu suna jiran jirgin ruwa mai filafilai da zai ƙetare da su kimanin kilomita 300 zuwa Jidda.

Hijirar 1903 da kafa Mai Wurno

Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello akwai zancen cewa a ƙarshen zamani jama'a za ta yi hijira gabas wajen Nilu don tarbar Mahadi. Da Turawan Ingila suka ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita da niyyar hijira, jama'a suka bar gonaki da garuruwa suka bi shi. An kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ci gaba da dubban mutane, Fulani da Hausawa da wasunsu. Sun isa Shuɗin Nilu, suka fara sauka a ƙauyen Shehu Talha, inda Fulani suka riga suka zauna, sannan wajen 1906 suka haye kogi suka kafa gari kudu da Sinnar. Garin ya ɗauki sunan shugabansa. Gwamnatin Turawa ta Sudan ta amince da sarautarsa, daga nan kuma mabiyansa suka kafa ƙauyuka a gaɓar kogin har wajen Rusairis. Mai Wurno ya zama zangon da kusan duk alhajin yamma ya san sunansa tun daga gida.

Auduga ta tsayar da matafiya

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman rani na Jazira, ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, don noma wa masaƙun Ingila auduga mai dogon gashi. An fara da fadan 300,000 (fadan ma'aunin gona ne a can), daga baya aka ƙara yankin Manaƙil, filin ya kai wajen fadan miliyan biyu. Aikin yana bukatar hannuwa da yawa wajen haƙa magudanai da shuka da noma da tsinkar auduga, alhazan yamma kuma manoma ne tun daga gida. Wanda ya zo da niyyar yin kaka ɗaya ya tara kuɗin jirgi sai ya ga bashi ya riƙe shi, ko iyali sun ƙaru, ko ya je Makka ya dawo babu guzurin komawa Kano. Lokacin da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930 wasu manoman ƙasar suka saki gonakinsu, Hausawa da dama suka sami hawasha, wato gonar haya ta shirin. Mafi yawa dai sun zauna a matsayin 'yan ƙwadago da masu noman raba-daidai, a matsugunan gefen magudanai da ake kira kambo.

Ƙauyukan sun riƙe tsarin gida: zaure da katangar da ta kewaye gida, mai unguwa da liman, makarantar allo, ɗarikar Tijjaniyya ko Ƙadiriyya. A gaɓar kogi Hausawa sun yi fice a su da noman lambu, a birane kuma naman agashe na masu tsire ya zama abincin kowa. Mai bincike Bawa Yamba, wanda ya zauna da su a Jazira, ya nuna a littafinsa na 1995 cewa har jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a can suna ɗaukar kansu matafiya da ke kan hanyar Makka.

Ƙarshen zamanin ayari

An kafa Port Sudan a 1905, ciniki ya koma can, gidajen Sawakin suka rasa masu gyara suka riƙa rushewa. Jirgin ƙasa ya isa Ubayyid wajen 1912, ya rage wahalar rabin hanya. Masu hali kuwa suka sauya hanya gaba ɗaya: a shekarun 1920 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Alhassan Ɗantata kowannensu ya tafi aikin hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan motoci suka riƙa ɗibar alhazai daga Kano da Maiduguri ta Fort Lamy da Abeche da Jinaina zuwa tashar jirgin ƙasa, sannan a shekarun 1950 jirgin sama ya fara jigila daga Kano. Fasfo da biza da takardar allura suka ƙarasa rufe hanyar ga mai tafiya a ƙasa.

Waɗanda suka zauna sun daɗe suna fama da maganar zama 'yan ƙasa, domin dokar Sudan ta 1957 ta ɗora hujja a kan zaman kakanni tun kafin 1898, abin da ya bar zuriyar masu hijira da ma'aikatan auduga da yawa a waje. Rikicin ƙasa da sarauta a jihar Shuɗin Nilu a 2022 ya ci rayuka masu yawa ya raba dubban Hausawa da gidajensu, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, ya shafi Jazira da Sinnar. Duk da haka Hausa tana nan a matsayin harshen gida a ƙauyukan, tare da Larabci na kasuwa da makaranta, kuma tashar Sawakin, wadda aka farfaɗo da ita a shekarun 1990, ita ce mashigar jiragen ruwan fasinja tsakanin Sudan da Jidda.