Fanisau: gidan da aka gina don a kwana

A watan Janairun 1824, lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Kano, bai tarar da Sarki Ibrahim Dabo a Gidan Rumfa ba. Sarki yana sansani a wajen birni, domin Ɗan Tunku ya ƙi yi masa mubaya'a, yana kuma kawo hari daga arewa. Dole baƙon ya fita ya same shi a can. Garin da ya zama cibiyar wannan tsaro shi ne Fanisau, a Ƙaramar Hukumar Ungogo ta yau.

Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya mai da Fanisau ribaɗi, wato gari mai ganuwa da masallaci da gidan sarki, irin tsarin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ta kwaɗaitar da sarakuna a kansa. Aikin ribaɗi kuwa kwana ne. Maharan da ke zuwa kafin asuba ba a tare su da ziyarar rana. Sai mai gari ya shimfiɗa buzunsa a bakin iyaka, dawakinsa na turke, mutanensa na kan ganuwa. Ba sarki da mayaƙa kaɗai ke kwana a nan ba. Gandayen da suka kewaye garin bayi ne suka noma su, abin da masu ba da labarin hawa kan tsallake, amma masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi guda a kansa a 2011.

Rigimar Ɗan Tunku ta ƙare da kafuwar masarautar Kazaure, iyaka ta lafa. Abin da ya rage shi ne Hawan Fanisau a Babbar Sallah: Sarki ya fita da safe, ya wuni, ya komo birni da yamma. Gidan kwana ya zama gidan wuni.

A Japan an fuskanci irin wannan matsala, aka ɓullo mata ta wata hanya. A Sasayama, garin da ya taso a gindin tsohuwar fadar mayaƙa, an gyara wasu tsofaffin gidaje a 2015 aka mai da su masauki, a Ozu kuma tun 2020 baƙo kan biya kuɗi ya kwana cikin fadar kanta. Kuɗin kwanan ne ke biyan masu gyara.

Gidan sarki yana da mai kula da shi. Waɗanda ke cikin haɗari su ne sorayen dagatai da na tsofaffin fatake a ƙauyukan Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi, inda a da baƙo kan sauka a zaure a kawo masa fura ba tare da an tambayi sunansa ba. Ginin ƙasa ba ya jure kaɗaici. Wanda ya kwana a ɗaki shi ke jin ɗigon farko, shi ke ganin gara ta kama azara, shi ke tuna a share indararo a yi yaɓe kafin damina. Magada sun koma ginin bulo da rufin kwano, kuma ba a ga laifinsu ba, tunda yaɓen kowace shekara kuɗi ne. Amma soron da aka garƙame da kwaɗo don a adana shi, shi ne ruwan Agusta ke fara kayarwa.