Zagayen Ostireliya a motar haya mai ɗaki: Hanya, kuɗi da haɗari

A ƙasar Ostireliya akwai wata tafiya da mutane da yawa ke ajiye wa kuɗi shekara da shekaru, wato zagaye nahiyar baki ɗaya a kan titi. Suna kiran ta Big Lap, ma'ana babban zagaye. Galibin masu yin ta ba sa kwana a otal. Mota mai ɗaki suke shiga, wadda a cikinta akwai gado da murhun gas da firji da tankin ruwa, manya kuma har da ban-ɗaki da wurin wanka. 'Yan ƙasa kan sayi tasu, baƙi kuwa haya suke ɗauka daga kamfanoni.

Ƙashin bayan tafiyar shi ne titin da ake kira Highway 1, mai tsawon kusan kilomita 14,500, ɗaya daga cikin manyan titunan ƙasa mafi tsawo a duniya. Ya ratsa Sidni da Birisben da Dawin da Pat da Adiled da Melbon, yana bin gefen teku a mafi yawan wurare. Ga mai son kwatance, tsawonsa ya yi kamar a yi tafiyar Legas zuwa Maiduguri sau tara. Ƙasar ta ninka Najeriya kusan sau takwas a faɗi, amma mutanenta ba su kai miliyan 30 ba, kuma akasarinsu a biranen bakin teku suke. Abin da ke tsakanin biranen fili ne fetal.

Mutum na farko da ya zagaye nahiyar a mota shi ne Nevill Westwood, wani matashi mai wa'azin Kirista. Ya bar Pat a watan Agustan 1925 cikin wata 'yar ƙaramar Citroën, ya dawo a ƙarshen Disamban shekarar, lokacin da yawancin hanyar sawun shanu ce da burtali. Motar tana ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Kanbera. A yau an shimfiɗa kwalta a babbar hanyar da matafiya ke bi, kuma waɗanda suka fi yawa a kanta su ne tsofaffin da suka yi ritaya, waɗanda ake yi wa laƙabi da makiyaya masu furfura saboda yadda suke ƙaura zuwa arewa idan sanyi ya sauka a kudu.

Abin da ke cikin takardar haya

Sunayen da suka fi fice a harkar su ne Britz da Maui da Apollo, dukansu a ƙarƙashin kamfani guda mai hedikwata a Niyu Zilan tun bayan haɗewar da aka yi a 2022. Lasisin tuƙin ƙaramar mota ya wadatar matuƙar nauyin motar da kayanta bai wuce tan 4.5 ba, kuma kusan duk motocin haya an yi su ne daidai wannan iyaka. Baƙon da lasisinsa ba da Turanci aka rubuta ba sai ya haɗa da fassara ko lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa.

Kuɗin haya na kullum shi ake gani a talla, amma ba shi kaɗai ne ke cin aljihu ba. Akwai kuɗin jingina da kamfani ke riƙewa a katin banki, wanda kan kai dubban daloli idan mutum bai sayi ƙarin inshora ba. Akwai kuɗin da ake cajin wanda ya ɗauki mota a wani gari ya mayar a wani. Farashin kuma yana tashi a watannin Disamba da Janairu, lokacin hutun bazara na can. Wani abin da masu ƙaramin ƙarfi ke nema shi ne aikin mayar da mota: kamfani kan ba da ita a kan dala ɗaya a rana ga wanda zai kai masa ita wani reshe, sai dai kwanakin a ƙayyade suke, ba su ba da damar yawon buɗe ido sosai.

Sharaɗin da ya fi jefa baƙi cikin asara shi ne na titin burji. Yawancin takardun haya sun hana a bi da mota mai ɗaki ta yau da kullum a hanyar da ba kwalta, in ban da ɗan gajeren zango zuwa wurin kwana. Wanda ya saɓa, inshorarsa ta faɗi, gyara da kuɗin janwe duk a kansa. Saboda haka shahararrun hanyoyi irin su Gibb River Road a yankin Kimbali, mai tsawon kusan kilomita 660, sai da mota mai jan ƙafa huɗu, kuma da izinin kamfanin. Wasu yankunan da ke hannun 'yan asalin ƙasar ma ba a shiga sai da takardar izini daga majalisunsu.

Yanayi ke tsara tafiya

Arewacin Ostireliya na da damina da rani kamar ƙasar Hausa, amma a juye. Ruwa na sauka daga Nuwamba zuwa Afrilu, tare da guguwar teku da ambaliyar da ke datse hanya. Daga Mayu zuwa Oktoba ne ake ratsa arewa. A watan Janairun 2023 ambaliya ta karya gadar Fitzroy Crossing, ta yanke titin kwalta ɗaya tilo da ya ratsa Kimbali, ba a buɗe sabuwar gada ba sai a Disamban shekarar. Kudu kuma tana da nata: wutar daji a lokacin zafi. A farkon 2020 gobara ta sa aka rufe titin Eyre fiye da mako guda, matafiya suka maƙale a gidajen mai na tsakiyar daji.

Shi ya sa masu yin cikakken zagaye kan ware wata uku zuwa shekara guda. Ana iya gama shi cikin 'yan makonni, amma wannan tuƙi ne kawai, ba tafiya ba. Da yawa sun fi son su haura ta gabas, su ratsa arewa zuwa yamma, su dawo ta kudu, domin a cewarsu iska kan bi bayansu a kudancin hanyar, abin da ke rage shan mai a mota mai tsayi kamar akwati.

Filin da babu bishiya

Zangon da ake tsoro kuma ake alfahari da shi shi ne filin Nullarbor, sunan da aka samo daga Latin mai nufin babu bishiya. Titin Eyre da ya ratsa shi ya kai kimanin kilomita 1,660 daga Port Augusta zuwa Norseman, kuma sai a 1976 aka gama kwaltarsa. A tsakanin Balladonia da Caiguna akwai kilomita 146.6 da ba kwana ko ɗaya, miƙaƙƙen titi mafi tsawo a ƙasar. Babu garuruwa, sai gidajen mai masu ɗan wurin cin abinci da ɗakunan kwana, wasu da tazarar kusan kilomita 200 a tsakaninsu. Mai yana da tsada a nan, ruwan sha ma ba a ba da shi yadda aka ga dama. Ƙa'idar direbobi ita ce a cika tanki a duk inda aka samu, a kuma riƙe jarkokin ruwa na kwanaki.

A wasu wuraren an ja fararen layuka a kan kwaltar domin jirgin likitocin sama ya sauka. Wannan hukuma, Royal Flying Doctor Service, tun 1928 take ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan nesa. Allunan gefen hanya kuma na gargaɗi a kan kangaru da raƙuma. Raƙuman jikokin waɗanda aka shigo da su ne a ƙarni na 19, tare da Musulmi masu jan ayari daga Afganistan da yankin Indiya, mutanen da suka gina masallatan farko a ƙasar. Da motoci da jiragen ƙasa suka karɓe sufuri, aka saki dabbobin suka bazu a daji.

A kan iyakar jihar Yammacin Ostireliya akwai shingen bincike da ke karɓe ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu da zuma, don kare gonaki daga ƙwari da cututtuka. Mai tafiya gabas kuma a Ceduna ake bincikarsa. Baƙin da suka cika firji kafin su taso kan zubar da rabinsa a nan.

A kan sitiyari

Ana tuƙi ne a hannun hagu, yadda aka yi a Najeriya kafin 1972, don haka direban da ya saba da dama yana bukatar natsuwa a shataletale da mahaɗar hanya. Iyakar gudu a manyan tituna kilomita 100 ce ko 110 a awa, in ban da wasu sassan Yankin Arewa da aka yarda da 130, gudun da bai dace da mota mai ɗaki ba ko kaɗan. Akwai kuma tireloli masu jan bodi uku ko huɗu, tsawonsu har mita 53.5. Wuce irin wannan na bukatar dogon fili da ake hangen ƙarshensa, kuma iskar da take turowa kan girgiza motar haya.

Da asuba da almuru kangaru ke fitowa bakin titi, shanu kuma a yankunan kiwo ba shinge tsakaninsu da kwalta. Wasu kamfanonin ba sa biyan ɓarnar da aka yi da dabba cikin dare a wajen gari, shi ya sa matafiya kan yada zango tun rana ba ta faɗi ba. A arewa, kogi ko bakin tekun da ya yi kyaun wanka na iya zama gidan kada, kuma allon gargaɗin ba ado ba ne. Sabis ɗin waya kan ɗauke na sa'o'i, har a layin Telstra da ya fi kowane kaiwa nesa. Lambar neman agaji ita ce 000. Shawarar hukumomi ga wanda motarsa ta lalace a daji ita ce kada ya rabu da ita, domin an fi saurin hango mota daga sama a kan mutum mai tafiya a ƙasa, kuma ita ce inuwarsa.

Kwana kuwa ba a ko'ina ake yi ba. Akwai sansanonin biya masu wutar lantarki da famfo da injin wanki, akwai wuraren hutawa na kyauta a gefen hanya, wasunsu da iyakar sa'o'i 24. Garuruwan shaƙatawa irin su Byron Bay na cin tarar wanda aka kama yana barci a mota a kan titi. Tankin ban-ɗaki kuma ba a juye shi sai a ramukan da aka tanada don haka, aikin da ke jiran matafiyi duk bayan kwana biyu ko uku.