Zaman Gidan Haya: Magance Hayaniya da Kiyaye Gobara Tsakanin Maƙwabta

Gabatarwa

Wannan bayani mun tanade shi ne domin amfanin jama'ar Jihar Kebbi, musamman mazauna gidajen haya na Gwadangaji da Birnin Kebbi da Argungu, da mutanenmu na karkara waɗanda aiki ko karatu ko kasuwanci kan kawo su birni, da kuma masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi waɗanda ake kai wa ƙorafi. Abubuwa biyu za mu duba, wato hayaniya da kuma wutar girki da ta gashi. Mun haɗa su wuri ɗaya ne saboda tushensu ɗaya ne, kuma sau da yawa dabarar da mutum kan yi don kauce wa ƙorafin maƙwabci ita ce ke jefa iyalinsa cikin haɗarin da ya fi ƙorafin muni.

Yadda zaman haya ya yawaita

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Birnin Kebbi babban birninta, garin ke ta faɗaɗa. Sakatariyar gwamnatin jiha da ke Gwadangaji ta jawo ma'aikata daga Zuru da Yauri da Argungu da Gwandu da sauran sassa, haka kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, sun jawo ɗalibai da malamai. Da yawa daga cikinsu ɗaki ɗaya ko ciki da falo suke kamawa a gidan da iyalai da dama ke tarayya a tsakar gida ɗaya da ƙofa ɗaya.

A ƙauye gida na dangi ne, akwai maigida wanda kowa ke jin maganarsa, kuma akwai fili tsakanin murhu da ɗakin kwana. A gidan haya kuwa bango ɗaya ne ya raba mutanen da ba su haɗa dangi ba, rufin kwano da silin sun haɗe ɗakunan daga farko har ƙarshe. Saboda haka ƙarar da aka yi a ɗaki ɗaya kowa zai ji ta, wutar da ta kama silin ɗaki ɗaya kuma za ta iya bin rufi ta cinye sauran.

Hayaniya da abin da doka ta tanada

Abubuwan da aka fi kawo kuka a kansu sanannu ne: janareto idan an ɗauke wuta, injin markaɗe da na niƙa, rediyo da talabijin da lasifika, kiɗan biki ko suna da ya kai tsakar dare, gidan kallon ƙwallo da ke jikin bango, da daka da sassafe.

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta NESREA a 2007, sannan a 2009 aka fitar da ƙa'idojin ƙasa na taƙaita hayaniya. Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Ƙa'idojin sun raba yini gida biyu: rana daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, dare kuma daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe. A unguwar da gidajen kwana ne zalla, iyakar ita ce desibel 50 da rana, 35 da dare. A unguwar da gidaje suka cakuɗa da shaguna kuwa, iyakar ita ce 55 da rana, 45 da dare. Domin a fahimci waɗannan alƙaluma, raɗa tana kai kimanin desibel 30, hirar mutum biyu kimanin 60, ƙaramin janareto kuma idan ana kusa da shi yakan zarce 70. Wanda ya daɗe yana yini cikin ƙarar da ta kai 85, kamar mai aikin injin niƙa, jinsa na iya raguwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Mun san ba kowa ke da na'urar awo ba, don haka ma'aunin da kowa zai iya amfani da shi shi ne wannan: idan bayan ƙarfe 10 na dare maƙwabci ya rufe ƙofarsa da tagarsa amma ƙararka ta hana shi barci, to ka wuce iyaka. Rashin barci ba ƙaramin abu ba ne ga mai hawan jini da maijego da ɗalibi da direban da zai yi asubanci. Ban da ƙa'idojin 2009, dokar hukunta laifuffuka ta ɗauki damun jama'a a matsayin laifi, addini da al'ada kuma duka sun girmama haƙƙin maƙwabci.

Matakan kai kuka

Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓani ba abin kunya ba ne, yadda aka bi da shi ne abin dubawa. Muna ba da shawarar a bi matakan nan bi da bi.

Na farko, a sami maƙwabcin da rana, bayan rai ya yi sanyi, shi kaɗai ba a gaban iyalinsa ba. A fara da gaisuwa, sannan a faɗi abu ɗaya takamaimai tare da mafita, misali: "Malam, don Allah a yi haƙuri, janareton nan yana jikin tagar yara ne, ko za a taimaka a matsar da shi bayan gida, a kuma kashe shi da ƙarfe goma?" Idan matsalar ta cikin gida ce, ya fi kyau mata su fara yin maganar tsakaninsu. Kada a aiki yaro da saƙon ƙorafi wurin babba, kada kuma a rama ƙara da ƙara.

Na biyu, idan ba a daina ba, a sanar da mai gidan haya ko wakilinsa, ko dattijon da ya fi daɗewa a gidan.

Na uku, a je wurin mai unguwa, wanda zai kira ɓangarorin biyu tare da liman ko wasu dattawa. Idan abin ya gagara, sai a wuce wurin hakimi, daga nan zuwa uban ƙasa. Yana da amfani mai kuka ya riƙa rubuta rana da lokacin da abin ya faru, ya kuma zo da wani maƙwabci da zai ba da shaida.

Na huɗu, idan ƙarar ta sana'a ce, kamar injin niƙa ko walda ko gidan kallo, a kai rahoto sashen dubagari na ƙaramar hukuma, ko hukumar raya birane ta jiha. 'Yan sanda da kotu su ne matakin ƙarshe, sai dai idan an kai ga barazana ko duka, wanda a nan ba a jira. Yanke wa maƙwabci waya ko lalata masa inji laifi ne da zai mai da mai gaskiya mai laifi.

Hayaƙin da ba a gani

A nan ne muke roƙon mai karatu ya ƙara natsuwa. Gawayi da janareto suna fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan an shaƙe ta, takan kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamunta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, wanda ke barci kuwa yakan zarce ba tare da ya farka ba.

Yadda abin kan faru shi ne, maƙwabta sun yi kukan ƙarar janareto, ko mai shi yana tsoron ɓarayi, sai ya shigar da shi soro ko kicin ko lungun da ke tsakanin ɗakuna ya rufe ƙofa. Ko kuma an yi kukan hayaƙi, sai uwargida ta shigar da kurfoti ɗaki ta ƙarasa girki. Haka nan da hunturu akan shigar da kaskon wuta don jin ɗumi a kwana da shi. Duk waɗannan hanyoyi ne da kan hallaka iyali gaba ɗaya a dare ɗaya, har da na ɗakin kusa, domin iskar tana bin silin da tagogi.

Don haka janareto a waje yake zama, a fili, da tazarar kimanin mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙinsa yana kallon nesa da ɗakuna. Wannan tazara tana rage ƙara kuma tana kare rai. Idan tsoron sata ne, a yi masa keji na ƙarfe mai shan iska a sa kwaɗo. A ɗora shi a kan tsohuwar taya ko katako don rage girgiza, a kuma gyara salansarsa. Duk wanda zai kai kukan janareto ya tabbatar maganarsa "a matsar da shi waje" ce, kada ta zama sanadin shigar da shi ciki. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a fitar da su sarari nan take, a buɗe ƙofofi, a kai su asibiti mafi kusa, kamar Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko babban asibitin Argungu.

Murhu da kurfoti da tukuba

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar makamashi ta mai da gidaje da yawa ga gawayi da itace. Lokutan da suka fi haɗari kuwa uku ne: hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke kaɗawa kuma komai ya bushe, bazara, lokacin da zafi kan zarce digiri 40, da Babbar Sallah, lokacin da kowane ɗaki ke babbaka da suya da gashin naman layya a tsakar gida ɗaya. Jama'a ba su manta da gobarar babbar kasuwar Birnin Kebbi ta watan Maris na 2016 ba, wadda ta cinye shaguna masu yawa, a daidai lokacin da kasuwar Sabon Gari ta Kano ita ma ta ƙone. Inda rufi ya haɗu da rufi, wuta ba ta tambayar mai ɗaki.

A ajiye murhu ko kurfoti a ƙasa mai daidai, da tazarar kamar mita 3 daga zana da rumfa da shanya da babur. Kada a hura wuta a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafitar gidan. Kada a tayar da gawayi da fetur ko leda. Kada a bar wuta ba babba a kusa, ko da na ɗan lokacin salla ne. Idan an gama, a kashe garwashi da ruwa ko yashi, domin toka takan riƙe wuta har wayewar gari. Kada a zuba ta a bola ko kusa da harawa da kara da buntun shinkafa.

Masu tsire da balangu da ke kafa tukuba a jikin gidajen mutane, da masu bandar kifi a Argungu da garuruwan bakin gulbi, da mata masu turara shinkafa, su lura da inda iska ke kai hayaƙi da tartsatsi, su ajiye bokitin yashi da na ruwa, kuma kada su tashi sai wuta ta mutu.

Gas da kananzir da fetur

Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka idan ta tsiyaya takan kwanta a ƙasan ɗaki. A ajiye tukunyar gas a tsaye, a inuwa, nesa da murhun gawayi, ba a ɗakin kwana ba. A gwada tiyo da ruwan sabulu, idan ya yi kumfa akwai yoyo. Kada a gwada da ashana. Idan an ji warin gas, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki. Kada a zuba kananzir a risho ko fitila suna ci, kuma a saye shi wurin amintacce, domin wanda aka gauraya da fetur yakan fashe. Kada a zuba wa janareto mai sai an kashe shi ya huce, kada kuma a ajiye jarkar fetur a ɗaki.

Idan wuta ta tashi

A yi kururuwa, a fara fitar da yara da tsofaffi da marasa lafiya, kada a koma ɗauko kaya. A kashe lantarkin gidan daga babban makunni. Idan man suya ne ya kama, a rufe kaskon da murfi ko jiƙaƙƙen bargo. Zuba masa ruwa yana watsa wutar. Wutar fetur da yashi ake kashe ta. A kira lambar gaggawa ta ƙasa 112 ko ofishin 'yan kwana-kwana tun wutar tana ƙarama, a kuma buɗe musu hanya. Wanda ya ƙone a riƙa zuba wa wurin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, kada a shafa ƙwai ko gishiri ko man goge baki, sannan a kai shi asibiti.

Kira ga masu gidaje da shugabanni

Muna kira ga masu gidajen haya su rubuta sharuɗɗa tun ranar karɓar kuɗi: lokacin kashe janareto, wurin ajiye shi, wurin girki, da sanar da maƙwabta kafin biki. Masu unguwanni su riƙa zagayawa kafin hunturu da kafin Babbar Sallah, su ajiye lambar 'yan kwana-kwana, su hana toshe lunguna da gini ko rumfa. Ma'aikatan dubagari kuma, idan sun je sauraron kukan hayaniya, su duba inda janareto da murhu suke kafin su bar gidan, domin a nan ne rai yake. Limamai da malaman coci su taimaka da faɗakarwa, su kuma lura da ƙarfin lasifikar wuraren ibada da dare.

Daga ƙarshe, muna tunatar da jama'a cewa maƙwabcin da ake gaisawa da shi shi ne zai ji warin gas ya buga ƙofa, shi ne kuma zai lura rana ta yi ba a buɗe ɗaki ba. Saboda haka a gaggauta sasanta ƙaramin saɓani tun bai zama gaba ba. Allah Ya kare mu daga gobara, Ya zaunar da jiharmu lafiya.