Wa Ake Yabawa? Nazarin Karrama Bincike Kan Lafiyar Ido Ta Fuskar Yammacin Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake karrama masu bincike a fannin awon gani da kimiyyar ido, ta kuma auna wannan karramawa da ayyukan da suka taɓa rayuwar mutanen yammacin Zamfara, wato ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum. An yi amfani da rahotannin da aka wallafa a mujallun ilimi da bayanan manyan lambobin yabo na duniya. Nazarin ya gano cewa yabo ya fi zuwa ga wanda ya gano magani da ƙungiyar da ta ɗauki nauyin raba shi, yana raguwa idan an zo kan masu binciken fili, sannan ya ɓace idan an iso ga ma'aikatan ƙauye. Haka kuma matsalar da tabarau ke magancewa, wadda ita ce ta fi raunana ganin jama'a, ita ce ba ta da mai yi mata shela.

Fitilun kalmomi: karramawa, awon gani, makantar kogi, amosanin ido, Zamfara

1.0 Gabatarwa

Lambar yabo a duniyar ilimi tana da aiki fiye da faranta ran wanda aka ba. Tana nuna wa matasan masu bincike inda ya kamata su sa ƙarfinsu, tana kuma jan hankalin masu ba da kuɗin bincike. Saboda haka abin da aka yaba shi ke samun magada, wanda aka bari kuwa sai ya yi ta ƙaranci.

A fannin ido akwai tsofaffin hanyoyin karramawa. Cibiyar Masana Awon Gani ta Amurka, wadda aka kafa a 1922, tana ba da lambar Charles F. Prentice ga wanda bincikensa ya ciyar da ilimin gani gaba. Gidauniyar Champalimaud da ke Lisbon a ƙasar Fotugal tana ba da kyautar Yuro miliyan 1 tun daga 2007, shekara guda ga binciken ɗakin gwaji, shekara mai bi mata ga masu yaƙi da makanta a cikin al'umma. Tambayar wannan maƙala ita ce: idan aka ɗauki ayyukan da suka rage makanta a Zamfara, aka bi sawunsu daga tushe har zuwa ƙofar gidan manomi, a wane mataki yabo ke tsayawa?

2.0 Dabarun Bincike

Nazarin na bitar rubuce-rubuce ne. An zaɓi fagage uku da suka shafi Arewa maso Yamma kai tsaye: makantar kogi, amosanin ido, da ƙidayar makanta ta ƙasa ta 2005 zuwa 2007. A kowane fage an tantance matakai uku na samar da ilimi, wato ɗakin gwaji, binciken fili, da aikin cikin al'umma, sannan aka duba irin karramawar da kowane mataki ya samu.

3.0 Makantar Kogi: Daga Ƙasar Japan Zuwa Gulbin Ka

Baƙin ƙuda mai yaɗa wannan cuta yana hayayyafa a ruwa mai gudu, shi ya sa ta fi kama mazauna bakin gulbi, inda ƙasar noma ta fi kyau. Tsutsar da yake sakawa tana haifar da 'ya'ya masu yawo a ƙarƙashin fata, su jawo ƙaiƙayi mai hana barci, su shiga ido su lalata shi a hankali.

Tushen maganin ya fito daga wata ƙwayar halitta da Satoshi Omura ya samo a cikin ƙasa a Japan a shekarun 1970. William Campbell da abokan aikinsa a kamfanin Merck suka fitar da sinadarin da aka sarrafa ya zama ivermectin. A 1987 kamfanin ya yi alkawarin ba da shi kyauta, da sunan Mectizan, har lokacin da buƙata ta ƙare. A 2015 Omura da Campbell suka sami lambar Nobel ta fannin likitanci.

Mataki na biyu a Arewacin Najeriya aka yi wani muhimmin ɓangarensa. Farfesa Adenike Abiose, wadda ta yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ta jagoranci gwaji a ƙauyukan Jihar Kaduna. Sakamakon, wanda ya fito a mujallar Lancet a 1993, ya nuna cewa shan maganin sau ɗaya a shekara yana rage kamuwa da ciwon jijiyar gani ga waɗanda tsutsar ta yi wa yawa. Wannan hujja ce mai nauyi, domin ta nuna cewa ƙwayar tana kare ido, ba ta tsaya ga rage tsutsa a fata ba.

Sai dai maganin ba ya kashe uwar tsutsa, wadda ke iya rayuwa sama da shekara 10 a jikin mutum. Dole a riƙa sha kowace shekara na tsawon lokaci, a ƙauyukan da motar asibiti ba ta isa da damina. Shirin Afirka na Yaƙi da Makantar Kogi, wanda ya yi aiki daga 1995 zuwa 2015 da hedikwata a Wagadugu, ya warware wannan da tsarin da ya bar rabon magani a hannun al'umma. Mutanen gari su ke zaɓar mai raba magani daga cikinsu, su ke kuma tsayar da lokaci. Kayan aikinsa sanda ce mai alamomi da littafin rajista. Mutum ya tsaya a jikin sandar, tsawonsa ya nuna ko ƙwaya 1 zai sha ko 2 ko 3 ko 4. Yaron da bai kai santimita 90 ba ba a ba shi, haka mai juna biyu da wanda ciwo ya kwantar. Sai a rubuta sunan kowa da abin da ya sha, gida-gida.

Waɗannan littattafan rajista su ne tubalin ƙididdigar rabon maganin da aka wallafa daga baya. Tekle da wasu (2012) sun kawo shaidar farko daga Kaduna cewa ana iya kawar da cutar a yankin shirin. Isiyaku da wasu (2022) sun ba da rahoton katse yaɗuwarta a jihohin Kaduna da Kebbi da Zamfara. Ta fuskar yabo, shirin na Afirka ya karɓi kyautar Champalimaud a 2011, tsohuwar shugabarsa Uche Amazigo ta sami lambar Yarima Mahidol ta Tailan a 2012, ƙungiyoyin Sightsavers da CBM kuma suka raba kyautar Champalimaud a 2017. Sightsavers ita ce ta daɗe tana tallafa wa wannan aiki a Zamfara. Babu wanda ke musun cancantar waɗannan. Abin lura shi ne, a cikin rubutun ilimi mai raba magani yana fitowa ne a jimlace, a layin godiya, ko a matsayin adadi a cikin jadawali.

4.0 Amosanin Ido: Ƙwarewar da Ake Gwadawa Amma Ba a Lissafa Ta

Amosanin ido yana farawa tun yarinta, yana yaɗuwa ta hannu da tsumma da ƙuda, a inda ruwa ke wuya. Idan ya yi ta maimaituwa sai cikin fatar ido ya yi tabo, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido. Mata tsofaffi kan riƙe matsefata suna tsige gashin don su sami sauƙi na 'yan kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai huɗu na yaƙi da shi: tiyata, maganin azithromycin, wanke fuska, da tsabtar muhalli.

Kafin a raba magani sai an san yawan masu ciwon. Aikin taswirar amosanin ido na duniya, daga 2012 zuwa 2016, ya duba mutum miliyan 2.6 a ƙasashe 29. A Najeriya, Farfesa Caleb Mpyet na Jami'ar Jos yana cikin jagororinsa, shi da masana irin su Nasiru Muhammad na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Mpyet da wasu (2018) sun wallafa sakamakon bitar tasirin matakan nan huɗu a ƙananan hukumomi 15 na Kebbi da Sakkwato da Zamfara.

Nan ma ingancin sakamakon ya rataya ne a kan mai duba ido a fili, wanda sau da yawa ma'aikacin jinya ne. Yana sanye da gilashi mai ƙara girma sau 2.5, ya juya fatar idon yaro ta sama, ya ƙirga ƙananan ƙuraje. Idan sun kai 5 a tsakiyar fatar, an sami alamar ciwo. Ba a barin kowa ya fita fili sai an gwada shi, hukuncinsa ya yi daidai da na ƙwararre. Kan wannan ƙirge ake yanke hukuncin da ya shafi dubban mutane: idan yaran shekara 1 zuwa 9 masu alamar ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, sai a daina rabon magani a ƙaramar hukumar baki ɗaya. Ga shi an tabbatar da ƙwarewarsa da jarrabawa, amma ƙa'idojin mujallun likitanci na zama marubuci suna buƙatar hannu a rubutawa ko gyaran maƙala, don haka tattara bayanai kaɗai ba ya shigar da shi. A yammacin Zamfara, inda matsalar 'yan bindiga ta sa shiga wasu ƙauyuka ya zama kasada, nauyin da ke kan ɗan gari mai wannan aiki ya ƙaru, matsayinsa a takarda kuwa yana nan yadda yake.

5.0 Ƙidayar Makanta da Gurbin Masu Awon Gani

Ƙidayar makanta ta ƙasa ta duba sama da mutum 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Kyari da wasu (2009) sun nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13 a faɗin ƙasa. Abdull da wasu (2009) sun nuna cewa yanar ido ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido na biye da ita, kuma kashi 84 na makantar abin da za a iya kauce wa ne ko a magance. Wannan aiki ya ɗaga darajar masana 'yan Arewa irin su Fatima Kyari da Mohammed Abdull da Mansur Rabiu a idon duniya, kuma sun cancanta.

Wani sakamakon ƙidayar bai sami kulawar da ta dace ba. Abin da ya fi jawo raunin gani mara tsanani da matsakaici shi ne rashin tabarau da ya dace. Wannan shi ne fagen mai awon gani. Aikinsa ba shi da ban mamaki a ido: allo mai harafin E a nisan mita 6, majinyacin da bai yi boko ba ya nuna da yatsunsa inda ƙafafun harafin suka fuskanta, a yi ta sauya gilashi har ganinsa ya washe. Amma tela da ya kasa zura zare a allura, da malamin da ya fara nisanta littafi daga fuskarsa bayan shekara 40, da ɗalibar da ke kwafar rubutu daga littafin maƙwabciyarta don ba ta ganin allo, duk abin da suke buƙata ke nan.

Tarihin sana'ar ya bayyana dalilin gibin. Koyar da awon gani a Najeriya ya fara a Jami'ar Benin a shekarun 1970, hukumar rajistar masu sana'ar ta kafu da doka a 1989, yawancin makarantun kuma a Kudu suke. Arewa tana da tsohon tarihin asibitin ido, kamar Asibitin ECWA na Kano da aka buɗe a 1943, amma sai daga baya Jami'ar Bayero ta buɗe sashen awon gani. Inda masu sana'a suka yi ƙaranci, binciken ma zai yi ƙaranci, lambar yabo kuwa ba ta samun abin da za ta sauka a kai.

6.0 Tattaunawa

Abubuwa uku suka fito. Na farko, yabo yana bin suna guda da za a iya kira a dandali, alhali nasarar kiwon lafiyar al'umma ta mutane da yawa ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyu, yabo yana bin cutar da ke da ranar ƙarewa. Ana iya shelar katse makantar kogi, amma buƙatar tabarau tana sabuntawa da kowane yaro da ya shiga aji da kowane babba da ya manyanta. Na uku, yanki irin wannan yana shiga mujallun duniya ne idan masifa ta faɗa masa. Gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da 'Yargalma, ta sa sunayen waɗannan wurare cikin rahotannin ƙasashen waje cikin ɗan lokaci. Matsalar da ke cin mutane a hankali ba ta samun wannan gata.

Akwai alamar sauyi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki matsalarsu ta kautuwa ce ko ba a kula da ita ba. A 2021 ƙasashe suka amince da ƙara yawan masu samun tabarau mai inganci da maki 40 cikin 100 kafin 2030. Ba za a san ko an cimma wannan a Gummi ko Bukkuyum ba sai an sami alƙaluman farawa daga can.

7.0 Kammalawa da Shawarwari

Nazarin ya nuna cewa karramawa ta isa ɗakin gwaji da manyan ƙungiyoyi, ta taɓa jagororin binciken fili, amma ba ta sauka ga masu samar da bayanan farko ba, ba ta kuma ƙarfafa binciken tabarau ba. Don haka ana ba da shawara kamar haka:

1. Mujallun gida, har da ta Ƙungiyar Masu Awon Gani ta Najeriya, su riƙa jera sunayen masu duba ido na fili tare da aikin da kowa ya yi, a kuma ba su damar karanta daftari don su cika sharuɗɗan zama marubuta.

2. Kwamitocin ƙarin girma a jami'o'i su ba da maki ga binciken da ya sauya tsarin aiki a ƙaramar hukuma, ba sunan mujalla kaɗai ba, kamar yadda Sanarwar San Francisco ta 2012 kan auna bincike ta yi kira.

3. Asusun TETFund ya ware tallafi ga binciken raunin gani a makarantun boko da na allo na karkara, bisa haɗin gwiwar Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau.

4. Ma'aikatar Lafiya ta Zamfara da masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum su kafa karramawa ta shekara-shekara ga ma'aikatan lafiyar ido na ƙauye, wadda za ta zo da gurbin ƙaro karatu.

5. Duk binciken da aka yi a wata al'umma a mayar mata da sakamakonsa da Hausa, a gaban hakimi da dagatai, kafin a kai shi taron ƙasar waje.