Dogon Hutu a Tsakiyar Marka: Nazari kan Ƙa'idar Karatun Sa-kai a Kudancin Kano

Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano ce ke fitar da jadawalin zangon karatu, kuma jadawali ɗaya ne ke aiki daga Fagge har Riruwai. Zango na uku yakan ƙare a wajejen ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, a koma aji a Satumba. Makonnin da ke tsakani su ne dogon hutu. A birni, lokacin ne makarantun kuɗi ke kafa allunan tallar lesin, iyaye masu hali su biya. A Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa kuwa, hutun na faɗawa ne a tsakiyar marka, lokacin da gona ta fi bukatar hannu. Tambayar da wannan nazari ya ɗauko ita ce: idan jiha za ta shimfiɗa ƙa'ida ta karatun hutu wanda ba dole ba, a kan wa ƙa'idar za ta hau, kuma me za ta tanada don ta yi aiki a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu?

Dokokin ilimi da ake da su an gina su ne a kan tilas. Dokar ilimin bai-ɗaya ta tarayya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta ɗora wa iyaye nauyin kai yaro makaranta, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don tallafa wa jihohi. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙaddamar da manufar ilimi kyauta kuma dole a Kano. A Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk waɗannan matakai hankalinsu na kan zangon karatu: shigar yara, ajujuwa, kujeru, malamai. Da zarar an raba sakamakon jarrabawar zango na uku, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hedimasta duk sun sauke nauyin yaron har sai an dawo. Abin da ke cike gurbin shi ne sa-kai: ƙungiyar ɗaliban gari da suka dawo hutu daga jami'a ko kwalejin ilimi, wani ɗan hidimar ƙasa mai himma, ko malamin da ya tara yara a zaure yana karɓar ɗan abin da ya sawwaƙa. Wata shekara a yi, wata shekara a ji shiru.

Batun koma-bayan karatu a lokacin hutu ya fi samun bincike a Amurka, inda jihohi ke tsara ƙa'ida, gundumomin makarantu su aiwatar. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi kafin su, suka ƙiyasta cewa yaro kan yi asarar abin da ya kai kimanin karatun wata ɗaya a dogon hutu, kuma a fannin karatu 'ya'yan talakawa ne suka fi ja da baya. Karl Alexander da Doris Entwisle sun bi sawun wasu yaran birnin Baltimo tun daga 1982, suka kammala da cewa babban kaso na ratar da ke tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka a hutu take taruwa. Daga baya Paul von Hippel ya nuna cewa girman ratar na sauyawa gwargwadon irin gwajin da aka yi amfani da shi, don haka bai kamata a riƙe alƙaluman farko kamar an sassaƙa su a dutse ba. Duk da haka, jihohi da dama sun gina doka a kai. Jihar Fulorida, tun 2002, ta tanadi sansanin karatun hutu ga 'yan aji uku da suka gaza a jarrabawar karatu.

Akwai bincike biyu da suka fi shafar mu. Richard Allington da abokansa sun bar yaran makarantun talakawa a Fulorida su zaɓi littafi 12 kowannensu su tafi da su gida, shekara uku a jere, sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna ci gaba a karatunsu, da kuɗi kaɗan. James Kim na jami'ar Harvard ya gwada irin wannan, ya ga cewa littafi ya fi amfani idan ya dace da matakin yaron, kuma malami ya koya masa yadda zai karanta shi kafin a tafi hutu. Sai dai yaran da aka yi waɗannan gwaje-gwaje a kansu sun riga sun iya haɗa baƙi. Matsalarsu rashin littafi ce a gida. Binciken MICS na 2021 ya nuna cewa a Najeriya kimanin kashi 27 cikin 100 ne kawai na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 ke da ƙwarewar karatu ta tushe, kuma Kano na ƙasa da wannan matsakaici. Yaron aji huɗu a Yaryasa ko Burji da bai iya karanta jimla ba, ko an cika masa jaka da littattafai, hotuna zai kalla. A wurinsa hutu dama ce ta koyon abin da zango uku ba su koya masa ba, kuma wannan aiki ne da ke bukatar mutum a gabansa.

A nan ne darasin Indiya ya fi kusa da mu. Ƙungiyar Pratham ta ɓullo da tsarin da ake gwada yara da baki ɗaya bayan ɗaya, a raba su rukuni bisa abin da suka iya: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai sakin layi, mai labari. Ba a duba shekaru ko aji. A 2008 aka yi sansanin hutu na wata ɗaya a jihar Bihar da malaman gwamnati, kuma masu bincike, ciki har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, suka tarar da ci gaba a karatun yaran. Abin lura shi ne waɗannan malamai da kayan aiki iri ɗaya ba su samar da irin wannan sakamako a cikin zango ba, saboda a zango manhaja ce ke jan malami, dole ya gama ta ko yara sun gane ko ba su gane ba. Hutu ya sakar masa mara. Kano ba baƙuwar wannan tsari ba ce: daga 2019 an gwada shi a ƙarƙashin shirin KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa, tare da SUBEB. Akwai kuma kayan koyar da karatun Hausa da shirin RANA ya samar a Katsina da Zamfara, da na Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi. Ke nan ba daga tushe za a fara ba. Abin da ya rage shi ne ƙa'idar da za ta ce waye zai yi, yaushe, a ina, da kuɗin wa.

Batun "yaushe" ya fi kowanne nauyi a kudancin Kano, kuma shi ne masu tsara takarda a ofis suka fi saurin tsallakewa. Wannan yanki ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a jihar, musamman Doguwa. A Agusta ana maimai da huɗa a gonakin masara da dawa, ana zuba taki, masu shinkafa a fadamun Tudun Wadar Ɗankadai na fama da ciyawa. Yaro ɗan shekara goma a wannan lokaci ma'aikaci ne: yana bin mahaifinsa gona da sassafe, yana yanko wa dabbobi ciyawa saboda an ɗaure su kada su yi ɓarna, wani lokaci ya tafi ƙwadago don ya samu na ɗinkin kayan makaranta. Yarinya na kai abinci gona, tana riƙon ƙanne, tana talla ranar kasuwa. A kewayen madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Audu Baƙo, akwai gidajen da kamun kifi ne sana'arsu. Shirin da ya ce a zo ƙarfe takwas na safe a tashi sha biyu, Litinin zuwa Juma'a, ya riga ya zaɓi 'ya'yan da zai samu: na ma'aikata da 'yan kasuwa a cikin garin Bebeji ko Kwanar Ɗangora, waɗanda dama su ne suka fi iya karatu. Idan aka bi haka, shirin sa-kai zai ƙara faɗaɗa ratar da aka kafa shi don ya rage.

Ga kuma damina kanta. Rafuka na cika, hanyoyin ƙauye na yankewa, rufin ajujuwa da yawa na yoyo. Zazzaɓin cizon sauro na kan ganiyarsa. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, kuma ko a inda ake ciyar da ɗalibai, ciyarwar ta zango ce. A ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore iyaye na da hujjar ƙin barin yaro ya yi doguwar tafiya shi kaɗai. Duk wannan na nuna cewa wurin karatun ya kamata ya zama cikin unguwa, inda yaro zai isa a ƙafa cikin 'yan mintuna, a lokacin da mutanen garin suka zaɓa da kansu, awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Ƙa'idar jiha za ta iya faɗin jimillar awannin da ake so a cika a hutun, ta bar wa kwamitin makaranta na SBMC da mai unguwa su raba su. Jadawalin Kofa ba lallai ya yi daidai da na Zainabi ba.

Akwai wata cibiya da ba ta rufewa da rufewar boko. Makarantun allo da na Islamiyya na ci gaba da tara yara a damina, safe ko yamma ko dare, kuma iyayen da ke ɗari-ɗari da lesin ba sa hana 'ya'yansu mata zuwa Islamiyya. Wannan amana ce da aka daɗe ana ginawa. Haɗa karatun hutu da su na da fa'ida a bayyane, yana kuma da haɗari: malamin da ya ga ana cin lokacin haddarsa zai juya wa shirin baya, kuma idan ya juya, unguwa ta juya. Hanya mafi sauƙi ita ce Alhamis da Juma'a, ranakun da makarantar allo ke hutu bisa al'ada, ko rabin awa da malamin ya yarda ya bayar da kansa. Yaron da ya iya bin baƙaƙen Larabci daga dama zuwa hagu ya riga ya fahimci cewa alama na ɗauke da sauti, kuma mai koyarwa mai basira zai ɗora a kan wannan.

Tunda zuwa ba dole ba ne, ƙa'idar ba ta da abin da za ta ce wa iyaye sai gayyata. Nauyinta duka kan hukuma zai hau. Na farko a ciki shi ne kuɗi: idan ana amfani da ginin makarantar gwamnati, kada a karɓi ko sisi daga yaro, domin kuɗin alli na yau shi ne kuɗin lesin na baɗi. Malamin da ya ba da hutunsa kuwa yana da gonarsa shi ma, kuma a raina kuskure ne a gina shiri kan fatan zai yi kyauta. A sa masa alawus sananne, a biya shi kafin hutu ya ƙare. Ɗalibai masu sa-kai suna bukatar horo na 'yan kwanaki da amincewar kwamitin makaranta, don a san wanda aka damƙa wa yara. Sai wani abu da ake raina shi: littattafan da ke kulle a kabad ɗin ofishin hedimasta. Hedimasta na tsoron a zo bincike a tarar da littafi ya ɓata, don haka ya gwammace ya ajiye su gara ta ci. Sahalewa a rubuce daga SUBEB cewa ana iya ba da aron littafi a hutu, kuma an yafe wani kaso na ɓata da yagewa, ba za ta ci ko kwabo ba. Al'adar aron littafi ma ba sabuwa ba ce a Kano. Shagunan hayar littattafan Hausa sun rayu shekaru da ita.

Harshen karatun ma sai ƙa'ida ta fayyace shi. Iyaye da yawa za su so Turanci, saboda da shi ake jarrabawar shiga sakandare, kuma burinsu ba abin zargi ba ne. Amma yaron da bai iya karatu ba ya fi saurin haɗa baƙi a harshen da yake ji, kuma rubutun Hausa na bin furuci ƙwarai fiye da na Turanci. A makonni biyar ko shida, Hausa ce za ta iya kai shi daga harafi zuwa jimla. A rugagen Fulani na Doguwa da Tudun Wada, inda ƙaramin yaro ya fi jin Fulatanci, mai koyarwa da ke jin harshen ya fi kowane littafi daraja.

Saura yadda za a san ko an ci riba. Rahoton da aka saba kaiwa sama na ƙirga kawuna ne da hotunan ranar buɗewa. A shirin sa-kai wannan ƙirge na yaudara, saboda waɗanda suka zo da ƙafarsu sun bambanta da waɗanda ba su zo ba tun kafin a fara. Gwajin baki na minti biyar a makon ƙarshe na zango na uku, ga dukkan 'yan aji uku zuwa biyar, da maimaita shi a makon farko na Satumba, zai ba sakataren ilimi na Kiru ko Doguwa abubuwa biyu da ba ya iya gani daga rajistar halarta: yara nawa ne suka ja baya a hutu, kuma daga cikin waɗanda ba su san harafi ba, nawa ne shirin ya kai gare su. Idan lamba ta biyun ta yi ƙasa a wata mazaɓa, sai a sauya lokaci ko wuri a hutun da ke tafe.